Daren Muzdalifa: Maigida, Raba Ayarinka

Makonni biyu kafin hawan Arfa na shekarar 2023, mu goma sha ɗaya 'yan gida ɗaya muka ɗauki hayar ƙaramar bas, muka fita abin da alhazai ke kira ziyara. Direbanmu jikan Hausawan Makka ne, irin waɗanda kakanninsu suka iso a ƙafa ba su koma ba, Hausarsa garau sai ɗan gishirin Larabci. Ya tsaya da mu a gindin Dutsen Saur, ya kai mu Jabalur Rahma muka sha hotuna, a hanyar dawowa kuma ya sassauta gudu ya yi nuni da haɓa ya ce, "To alhazai, ga Muzdalifa." Kowa ya leƙa ta taga. Fili ne fetal a tsakanin duwatsu: kwalta, tsakuwa, dogayen fitilu, jerin makewayi, sai masallacin Mash'arul Haram can da hasumiyoyinsa biyu. Ko tsuntsu babu. Ƙanwata ta sauke wayar da ta ɗaga za ta ɗauki hoto ta ce, "Au, shi ke nan?" Ba wanda ya ce a tsaya. Direban ya yi murmushi, ya taka motarsa.

Wani abokin aikina da Allah ya hore wa ya taɓa kwasar iyalinsa, mata biyu da 'ya'ya bakwai, ya kai su Italiya yawon buɗe ido. Da ya dawo ban ji labarin Kolosiyam ba, tsohon dandalin nan na birnin Rum da ya doshi shekara 2,000 a tsaye, ban kuma ji na kwale-kwalen Benis ba. Hirarsa duka ta yaron da ya ɓace a tasha ce, da uwargida da ƙafarta ta kumbura, da neman makewayi, da neman tebur guda da zai ɗauki mutum goma. Su kansu mahukuntan Benis sun gaji da manyan ayari, tun 2024 suka hana jagora ya ja mutum fiye da 25 a lokaci guda, a shekarar 2024 ɗin kuma suka sa wa masu shiga su fita a yini ɗaya harajin yuro 5 a ranakun cunkoso. Amma abokina yana da abin da mu ba mu da shi. In tsohuwa ta gaji sai a koma masauki, gobe ma rana ce, Kolosiyam ba gudu zai yi ba. Muzdalifa kuwa gari ne na dare ɗaya rak a shekara, ba ɗaki, ba inuwa, ba a kuma ce maka ka dawo gobe. A shekarar 2023 da nake magana mutum 1,845,045 suka yi aikin Hajji, kuma cikin filin nan da ƙanwata ta raina suka kwarara bayan faɗuwar rana.

Babban kuskuren da maigida zai yi a wannan dare shi ne ya dage sai kowa ya kwana tare, ya tashi tare. Ba ji na yi an faɗa ba, ni na aikata.

Mun bar Arfa ba mu yi Magariba ba, kamar yadda sunna ta koyar. Tsakanin Arfa da Muzdalifa bai kai kilomita 10 ba, amma sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare motarmu ta sauke mu. Akwai jirgin ƙasa na Masha'ir da aka buɗe a 2010, mai tasha uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina, sai dai yawancin alhazanmu a bas ake jigilarsu, bas kuwa tafiyar hawainiya take yi a daren nan. Muka sami ɗan sarari a jikin wani shinge, muka shimfiɗa tabarmi, muka haɗa Magariba da Isha, raka'a uku da biyu. Daga nan samarin gidan suka duƙa tsintar tsakuwa da fitilar waya, suna zubawa a robar ruwan da aka shanye. Na ce kowa a cika masa 70, ko da 49 sun ishi mai niyyar barin Mina bayan kwana biyu, ko da kuma a Mina ɗin ma ana tsinta. Ɗan ƙanena ya yi lissafi ya ga tsakuwa 770 ke nan, ya ce shi dai ba a gaya masa aikin kwasar tsakuwa aka kawo shi ba.

Daren yana da wani daɗi da ban taɓa ji a ko'ina ba, wannan ba zan ɓoye ba. Kusa da mu wani dattijo Baturke ya yi matashi da takalminsa yana sharar barci, gefensa wata budurwa 'yar Indunusiya tana yi wa uwarta fifita da yankin kwali, can kuma wani yana ta maimaita talbiya da muryar da ta riga ta dishe. Wanda ya ɗanɗani wannan ba zai so a tashe shi ba.

Wajen ƙarfe ɗaya malamin ayarinmu ya zo yana tsallake mutane, ya durƙusa ya ce, "Alhaji, an sami motar da za ta kai tsofaffi Mina. A ba ni Hajiya da Kawu, da mutum ɗaya ko biyu da za su raka su." Hajiya mahaifiyata ce, shekararta 74 a lokacin, ga ciwon suga ga gwiwa. Kawu kuma hawan jini ne da shi. Na ce, "Malam, tare muka zo, tare za mu kwana, tare za mu tashi in Allah ya yarda." Hajiya ta karɓe zancen, ta ce, "Ni kam ba inda za ni. Shekara nawa ina jiran daren nan, sai yanzu a rage mini lada?" Malam ya ce, "Hajiya, ba abin da ya ragu. Kin sauka, kin yi salla, wajibinki ya cika." Ya ɗago ya dube ni, don ya san kalma ɗaya daga bakina za ta tashe ta. Na kau da kai ina gyara haramina.

Abin da ban sani ba, tun daga Arfa Hajiya ta daina shan ruwa, don kada ta sha ta buƙaci kewayawa. Ta ga layin makewayin mata, ta auna shi da gwiwarta, ta yanke wa kanta hukunci. Maiɗakina ta lura, amma kunyar suruka ta hana ta magana.

Muka yi Asuba, muka tsaya addu'a har gari ya yi haske, na ji a raina na cika sunna cif. Sai jiran mota. Masu tafiya a ƙasa sun cika hanya, motocin da suka kai rukunin farko sun kasa juyowa. Bakwai ta yi, takwas ta yi, tara ta wuce. Ranar ƙarshen watan Yuni ce ta ƙasar Makka, laima ba ta yi mata komai. Ruwanmu ya ƙare, Kawu ya ce bari ya nemo, bai dawo ba. Samari biyu suka bi sawunsa, su ma shiru, waya kuma ta ƙi shiga. Ayarin da na ƙi rabawa da dabara ya rabu da kansa gida uku. Wajen ƙarfe goma Hajiya ta sulale a jikin ƙanwata. Ma'aikatan agaji suka ɗora ta a keken guragu zuwa wani ƙaramin asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu. Kawu sai bayan La'asar aka gano shi a tantin alhazan wata ƙasa, takalmi ya salwanta, tafin ƙafa duk ya yi bororo. Hajiya ba ta iya zuwa jifa da kanta ba ko sau ɗaya, wakiltarta aka yi, ɗawafin ifada ma a keke ta yi shi. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, har yau in ta so tsokanata sai ta ce, "Ina madugun Muzdalifa?"

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, wanda nake taƙamar bin sunnarsa bai yi wa iyalinsa haka ba. A Hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Nana Sauda bint Zam'a, matar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mace ce mai jiki da nauyin tafiya. Ta nemi izini ta wuce Mina da dare kafin turmutsutsun jama'a, ya ba ta. Abdullahi ɗan Abbas, yana yaro a lokacin, yana cikin waɗanda aka tura gaba tare da masu rauni na gidan. Daga baya Nana A'isha ta nuna da ma ita ma ta nemi irin izinin da Sauda ta nema. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar kuwa ta riƙe abin har bayan wafatinsa: takan yi ta salla a Muzdalifa tana tambaya ko wata ya faɗi, da zarar ya faɗi sai ta ce a tashi. Shi kansa ya kwana, ya yi Asuba, ya tsaya addu'a, ya tashi kafin fitowar rana. Wato gida ɗaya, dare ɗaya, an rabu gida biyu, kuma shugaban gidan ne ya raba. A lokacin mahajjatan ba su kai kashi ɗaya cikin goma na yawan na yau ba.

Mazhabar da muka tashi a cikinta ma ta fi kowace sauƙi a nan. A wurin Malikiyya, abin da ya wajaba shi ne sauka a Muzdalifa gwargwadon yadda matafiyi zai sauke kayansa, ya yi salla, ya ɗan taɓa abinci. Wanda ya wuce bai sauka ba, jini ya hau kansa. Kwanan har asuba sunna ne. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗaure abin da rabin dare, Hanafiyya kuma suna ganin tsayuwar bayan Asuba ita ce wajibi, amma dukkansu sun ɗauke wa mai uzuri. Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne, yana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi. Na karanta shi ina saurayi. Da na je wurin aiki da shi sai girman kai ya sha gabana.

Ina son ma'aunin nan na sauke kaya, domin harshen fatake ne. Muzdalifa zango ce, kakanninmu kuwa sun san zango. Kafin jirgin sama, Bahaushe da iyalinsa yake tafiya Makka, da mata da goyo da jakuna, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ana tafe ana noma ana ƙwadago, wani ya yi shekara bakwai a hanya, wani a binne shi a can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne, haka ma dangin Hausawi da ke cike da Makka da Jidda, irin su direbanmu. A irin wannan ayari akwai madugu, akwai jagaba da ke gaba, kuma gwanintar madugu ba ta wuce ya san wa zai tura gaba da sanyin dare, wa zai bari ya biyo baya ba. Madugun da ya ce sai jaki da doki sun jera kafaɗa, ba a sake binsa.

To me ke sa mu dagewa? Na ga dalili uku, ba kuma duka ne na banza ba.

Na farko kuɗi ne, kuma shi ya fi ɓoyuwa. A 2023 kujerar Hajji ta hannun hukuma ta kusa naira miliyan 3, a 2025 ta haura miliyan 8. Gidan da mutum goma za su tafi a shekara ɗaya, galibi aljihu ɗaya ne ya biya. Wanda ya biya kujera kuwa ba ya tsayawa a maigida, nan take yake zama limami da likita da mai fatawa. Wa zai ce masa a'a? Ƙanin da aka biya wa ba zai iya ba, matar ƙanin balle. In akwai kishiyoyi a tafiyar abin ya ƙara cakuɗewa, don ba wadda za ta yarda a koma gida ana cewa ita ce ta kasa, 'yar'uwarta ta kwana. Ita tsohuwa kuma tana ganin an kashe mata dukiya mai yawa, kada ta zama kaya. Kowa ya yi shiru don kara, kara kuwa ba ta maganin ƙishirwa.

Na biyu tsoron ɓata ne, wannan kuwa gaskiya ne. Dattijuwar da ba ta jin Larabci, ba ta karanta boko, ka sa ta a mota cikin dare ka ce sai mun haɗu, dole gabanka ya faɗi. Amma maganin wannan shiri ne tun daga gida. Kowane mai rauni a ɗaura shi da mai ƙarfi guda, a ambaci suna, a ce wane kai ne da Hajiya, wance ke ce da Gwaggo, daga Arfa har Mina ba ku da wani aiki. Wurin haɗuwa kuma ya zama tantinku na Mina, da lambarsa a rubuce a rataye a wuyan kowa tare da katin shaidar alhaji na Nusuk. Kada a ce "a gindin fitila" ko "kusa da makewayi", fitilun Muzdalifa da makewayanta duk kama ɗaya suke. Kada kuma a dogara da waya, don a daren nan ko caji bai ƙare ba layi yakan cushe.

Na uku shi ne na masu cewa mun cika son sauƙi, Hajji sau ɗaya ne a rayuwar yawancinmu, in ba a jure dare ɗaya ba me za a jure? Ina tare da su rabi. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna ture tsofaffi a ƙofar motar da aka ware wa tsofaffin, wani har da ɗingishin ƙarya. Wannan abin kunya ne. Saurayi lafiyayye ya kwana, ya yi Asuba, ya tsaya a yi addu'a da shi, in ya ga dama ma ya taka zuwa Mina da ƙafarsa ta Wadi Muhassir ya bar wa wasu kujerar mota. Inda na rabu da su shi ne auna juriyar tsohuwa da ma'aunin saurayi. Rangwamen da aka yi wa Nana Sauda ba ragin lada ba ne, shi ma sunna ne, kuma shi ne sunnar da ta dace da mai irin halinta.

Wanda yake ganin ina zuzuta abin, ya tuna safiyar 24 ga Satumban 2015. A safiyar da ke bin daren Muzdalifa ne, lokacin da jama'a suka ɗunguma zuwa jifa, aka yi turmutsutsun Mina a mahaɗar titi na 204 da na 223. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, ƙidayar da kamfanonin dillancin labarai suka tattara daga ƙasashe ta haura 2,000, Najeriya kaɗai ta rasa fiye da 270, cikinsu har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah ya jiƙansu. A 2024 kuma zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, suka yi doguwar tafiya a rana ba mota ba tanti. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma mun kuma san cikin sa'o'in da suka fi hatsari a aikin Hajji akwai daga hantsin ranar Salla zuwa Azahar, kuma duk wanda ka riƙe a Muzdalifa har gari ya waye, cikin waɗannan sa'o'i ka jefa shi, da gajiyar Arfa a jikinsa da rashin barci a idonsa.

Ba mu kaɗai rana ta gasa a 2023 ba. Alhazan Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan kujeru, dubbai daga cikinsu sun maƙale a Muzdalifa har rana ta take tsaka. Ba su tsaya a nan ba. A shekarar da ta biyo suka fito da tsarin da suke kira murur, da amincewar malamansu: tsofaffi da marasa lafiya da masu rakiyarsu, mutum wajen 55,000, motoci suka ɗauke su daga Arfa suka ratsa da su ta Muzdalifa suka kai su Mina. Ba na ce mu kwafe shi yadda yake ba, domin a mazhabarmu ratsawa kawai ba ta wadatar ba, sai an sauka. Abin koyi shi ne sun zauna tun kafin tafiya sun ƙidaya masu rauninsu, sun ware musu motoci, sun kuma gaya musu a fili cewa Hajjinsu bai tawaya ba. Najeriya da ta sami kujeru 95,000 a 2023, da Nijar da ta sami kusan 16,000, ba abin da zai hana su yin nasu: motoci na musamman da za su sauke tsofaffi kusa da hanya, a yi salla, a ɗan huta, a ɗebe su kafin rabin dare ya yi nisa.

Wurin da za a fara kuwa shi ne bita. Ana koya wa maniyyata ɗaura harami da zagaya ɗakin katako da aka lulluɓe da baƙin yadi, wannan duk daidai ne. Ina roƙon hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo su ƙara darasi guda na masu tafiya da iyali, a kira magidanta su kaɗai, malami da likita su zauna da su. Malami ya karanta musu labarin Sauda da Asma'u, likita ya gaya musu abin da ƙin shan ruwa ke yi wa mai ciwon suga. A kuma sami mace a cikin ma'aikata da za ta riƙa zagaya iyaye mata a daren tana tambayarsu abin da ba za su iya faɗa wa 'ya'yansu maza ba.

Kai kuma da Allah ya nufa za ka kai mahaifiyarka bana, kada ka bari sai ƙarfe ɗayan dare a kan tabarma kafin a yi wannan magana, a lokacin ba za ta yarda ba. Ka same ta a ɗakinta tun yanzu, ka tafi da malamin da take jin maganarsa, a yanke wanda zai raka ta, a rubuta sunansa. In motar tsofaffi ta zo a Muzdalifa, kai da kanka ka ɗauki jakarta ka kai ta bakin ƙofa, ka tabbatar ta sha ruwa a gabanka, sa'an nan ka koma tabarmarka.